FASHIN BAƘI: Ɗalibin Amurka na karanta tarihin Keltawa a gefen digirinsa, me ya hana ɗan Ƙanƙara karanta na Katsina Laka?

A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ɗalibin da ke karatun kwamfuta ko tattalin arziki yana da damar haɗawa da wani ƙaramin fanni da ake kira nazarin Keltawa. Haka abin yake a Jami'ar Harvard da kuma Jami'ar Toronto ta Kanada. Ɗalibi zai ɗauki 'yan kwasa-kwasai a kan harshe da tarihi da adabin mutanen Ailan da Sikotlan da Wales, idan ya kammala a rubuta masa a takardar sakamakonsa. Wasu daga cikin masu wannan karatu jikokin mutanen da yunwa da talauci suka koro daga waɗancan ƙasashe ne fiye da shekara ɗari da suka wuce.

A nan gida kuwa, matashin da ya fito daga Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa zai iya shafe shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya fito da digirin lauya ko na aikin gona ko na aikin jarida, ba tare da ya zauna darasi ko ɗaya a kan yadda aka kafa garinsu ba, ko yadda aka shata dajin da ya hana iyayensa barci. Gobe kuma shi ne kansila, shi ne sakataren kwamitin sulhu, shi ne ɗan jaridar da zai bayyana wa duniya abin da ke faruwa.

Wannan fashin baƙi ya duba yadda tsarin ƙaramin fanni yake aiki, da dalilin da ya sa nazarin Keltawa ya samu gindin zama a jami'o'in Turai da Amurka, da kuma abin da zai hana ko ya ba jami'o'in Jihar Katsina damar yin irinsa a kan ƙasarsu.

Mene ne ƙaramin fanni?

A yawancin jami'o'in Amurka da Kanada, digirin farko yana da babban fanni, wato wanda ɗalibi ya je dominsa, sannan akwai filin da aka bar masa ya zaɓi abin da ransa ke so. Idan ya tattara wannan zaɓi a wuri guda, ya ɗauki kwas biyar ko shida masu bin juna a wani sashe dabam, shi ne ya yi ƙaramin fanni. Ba ya rage wa babban digirinsa komai. Injiniya yana nan a injiniyansa, sai dai ya ƙaru da wani ilimi mai tsari wanda aka jarraba shi a kai.

Tsarin Najeriya ya bambanta. Tun daga fom ɗin JAMB ɗalibi yake ɗaure kansa da kwas guda, kuma sashen da ya ɗauke shi ne ke tsara masa kusan duk abin da zai karanta har ya fita. Akwai kwasa-kwasan zaɓi, amma ba su da yawa, kuma ba a jera su yadda za su zama fanni mai sunan kansa ba. Abin da ya fi kusa da ƙaramin fanni a wurinmu shi ne haɗin darussa biyu da ake yi a kwalejojin ilimi, irin su Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, inda mai neman NCE ke haɗa Hausa da wani darasi. Wannan kuwa an yi shi ne domin masu shirin koyarwa. Mai karatun lauya ko likitan dabbobi ba shi da irin wannan ƙofa.

Abin da kowa da kowa ke yi shi ne kwas ɗin bai-ɗaya a kan al'ummomin Najeriya da al'adunsu, wanda ake gamawa a zango guda, galibi a babban zaure mai cike da ɗaruruwan ɗalibai. Kwas ɗin da zai ratsa ƙasar Hausa da Borno da Oyo da Benin da ƙasar Ibo cikin 'yan makonni ba zai samu sararin tsayawa a Pauwa ko Birnin Kogo ba.

Su wane ne Keltawa?

Keltawa suna ne da masana ke kiran al'ummomin da ke magana da wasu harsuna shida masu dangantaka a gefen yammacin Turai: Gelik na Ailan, Gelik na Sikotlan, harshen tsibirin Man, harshen Welsh na Wales, harshen Kornish na kudu maso yammacin Ingila, da harshen Breton na arewa maso yammacin Faransa. Dukkansu sun daɗe a ƙarƙashin inuwar Ingilishi ko Faransanci, kuma an daɗe ana yi musu kallon harsunan ƙauyawa.

A 1847 gwamnatin Birtaniya ta fitar da rahoto a kan ilimi a Wales, wanda wasu Ingilawa uku da ba su jin harshen ƙasar suka rubuta. Rahoton ya siffanta mutanen da jahilci da lalaci da rashin tarbiyya, ya kuma ɗora wa harshensu babban kaso na laifin. A wasu makarantun wancan ƙarni, yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa akan rataya masa guntun katako a wuya, wanda katakon ya ƙare a wuyansa a tashi kuma ya sha bulala. Duk wanda aka taɓa cin sa tara domin ya yi Hausa a aji ya san ɗanɗanon wannan horo.

A Ailan abin ya fi muni. Yunwar da ta auka wa ƙasar daga 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu kimanin miliyan ɗaya zuwa ƙetare, kuma ta fi yin ɓarna a yankunan karkara inda harshen Gelik ya fi ƙarfi. A tsibirin Man kuwa, mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen tun daga tsumma, Ned Maddrell, ya rasu a 1974.

Daga cikin wannan asara nazarin Keltawa ya yi ƙarfi. Jami'ar Oxford ta kafa kujerar farfesan harsunan Keltawa a 1877, John Rhys, ɗan Wales, ya fara hawa. A Ailan, Douglas Hyde da abokansa suka kafa ƙungiyar raya harshen Gelik a 1893. Yawancin matasan da suka jagoranci fafutukar 'yancin ƙasar sun ratsa ta ajujuwan wannan ƙungiya, shi kansa Hyde kuma ya zama shugaban ƙasar na farko a 1938. A Wales, fafutukar harshe ta kai ga buɗe tashar talabijin ta S4C a 1982, da dokar harshe ta 1993, da wata a 2011 wadda ta ba Welsh matsayin harshen hukuma.

Wannan duka bai sa an gama cin nasara ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin Welsh a Wales sun kai 538,300, ƙasa da kimanin 562,000 da aka samu a 2011, duk da burin gwamnatin yankin na kai su miliyan ɗaya nan da 2050. Karatun jami'a kaɗai ba ya tayar da harshe. Abin da ya yi shi ne samar da lauyoyi da 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati da suka san daga ina matsalolin ƙasarsu suka taso, da kuma adana abin da da tuni ya bi tsofaffi kabari.

Aikin da 'yan firamare suka yi

Misalin da ya fi dacewa da halinmu shi ne na Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya ta Ailan, wadda aka kafa a 1935. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar ta haɗa kai da ma'aikatar ilimi, aka sa yara fiye da 50,000 a makarantun firamare kimanin 5,000 su koma gida su tambayi kakanninsu da maƙwabta: sunayen gonaki da rijiyoyi, tatsuniyoyi, magungunan gargajiya, sana'o'in da suka mutu, da abin da aka ji daga bakin magabata game da shekarun yunwa. Abin da yaran suka rubuta ya kai shafi kimanin 740,000. Yau an ɗora mafi yawansa a intanet, kuma ɗalibin da ke ƙaramin fanni a Toronto yana iya neman ƙauyen kakansa ya karanta abin da aka faɗa a can shekara tamanin da 'yan kai da suka wuce.

Ailan ta lokacin ƙasa ce matalauciya wadda ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba. Kayan aikin kuwa littafin rubutu ne da alƙalami da malamin aji.

Akwai ma wata tsohuwar alaƙa tsakanin tsibirin da ƙasar Hausa. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mai juzu'i uku, wanda jami'in mulkin mallaka Frank Edgar ya tattara daga rubuce-rubucen ajami na malamai, a birnin Belfast aka buga shi tsakanin 1911 da 1913.

Me muke da shi a gida?

Hausa ba ta cikin halin da Welsh ko Gelik suke ciki. Masu magana da ita sun haura miliyan 50, tana da jaridu da gidajen rediyo da masana'antar fim, ana kuma koyar da ita a jami'o'i har a Warsaw ta Folan da Beijin ta Sin. Abin da ke cikin hatsari shi ne ilimin wuri: wa ya sari wannan daji, ta ina burtali ya bi, wace yarjejeniya ce tsakanin wannan gari da rugar da ke bayansa, wane alƙali ya raba wace gardama kuma da wace hujja.

Masana da cibiyoyi kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. A Kano akwai cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 1969, kuma ita ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A Kaduna akwai Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ga kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomi suke ajiye. Jihar Katsina tana da hukumarta ta tarihi da al'adu. Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Al-Qalam duk suna cikin jihar.

Sama da duka, Katsina ta yi sa'ar samun ɗanta da ya rubuta tarihinta da idon masani. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945 ya rasu a 2005, ya bi garuruwa da ƙauyukan Katsina da na Jamhuriyar Nijar yana hira da tsofaffi a farkon shekarun 1970. Daga nan ya rubuta kundin digirinsa na uku, wanda aka buga a 1981 a matsayin littafi a kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883. Kafin shi, Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo. Har yau masana na komawa ga wannan littafi domin sanin yadda harin bayi da zaman rinji da aure suke a bakin macen da ta gani da idonta.

Matsalar ita ce wannan ilimi yana tsare a sassan tarihi da na harsuna, sai wanda ya shiga sashen gaba ɗaya yake kaiwa gare shi. A ƙasa da jami'a kuma, manufofin gwamnati sun yi ta kwan-gaba kwan-baya. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga makarantun firamare da ƙananan sakandare tun zangon karatu na 2009 zuwa 2010. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, tare da shirin horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. A ƙarshen watan ne kuma ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi. Ma'ana, mafi yawan waɗanda ke jami'a yau, da waɗanda suka gama a 'yan shekarun nan, sun yi firamare da ƙaramar sakandare a lokacin da babu darasin tarihi a jadawali.

Me za a karanta a kan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa?

Mai tambaya zai ce, shin akwai abin da zai cika kwas shida a kan wannan yanki? Amsar tana cikin sunayen sarautun kansu. Hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Sabuwa kuma Kogo. Pauwa da Kogo tsofaffin garuruwa ne da suka riga hedikwatocin ƙananan hukumomin yau, kuma tare da Maska da Gozaki suna cikin manyan wuraren kudancin Katsina, yankin da ake kira Katsina Laka saboda irin ƙasarsa mai riƙe ruwa. Wannan ƙasa ce ta jawo manoma da masaƙa da marina da makiyaya daga wurare dabam-dabam tun ƙarnoni da suka wuce.

Daga yamma, a cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe ta Jihar Zamfara ta yau, akwai 'Yandoto, wadda ta shahara da malamai tun kafin jihadi, a lokacin tana cikin ƙasar Katsina. Da yawa daga malamanta sun ƙi bin jama'ar Shehu, rundunar Muhammadu Bello kuma ta ci garin a shekarun farko na jihadin. Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafa Maraɗi, kuma kusan duk tsawon ƙarni na 19 ana kai hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu, dazuzzukan yammacin Katsina suna zama hanya da maɓoya. Ganuwa da zama a gindin duwatsu da ƙaurace wa ƙauyuka a koma manyan garuruwa duk yankin ya taɓa ganinsu. Sanin yadda wancan zamani ya lafa, da abin da ya sa mutane suka sake fita suka sari gonaki, darasi ne da ya shafi yau kai tsaye.

Sai ƙarni na 20. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, auduga ta zama amfanin gonar sayarwa, aka kafa gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, gonaki suka yi ta faɗaɗa. Turawa suka shata gandayen daji, ciki har da Rugu, suka tsara karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai da arɗo-arɗo. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Farin 1972 zuwa 1974 ya turo mutane da dabbobi kudu. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar tare da na Gusau da Gombe, da takin zamani da hanyoyin karkara. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ikon sarakuna, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni da ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 23 ga Satumba, 1987.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya taɓa dangantakar manomi da makiyayi da hukuma. Soke jangali, alal misali, ya sauke wa talaka nauyin da ya daɗe yana kuka da shi, amma masu nazari na muhawara a kan ko ya kuma yanke wata igiya da ta sa hukuma ke sanin wane makiyayi ne yake ina, da shanu nawa. Irin wannan muhawara ce ya kamata a yi a aji, da takardu a gaba, kafin a yi ta a teburin sulhu.

Teburin sulhun kuwa an sha zama a kansa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi afuwa da karɓar makamai a farkon 2017, ta sake shiga sulhu a Satumban 2019, inda gwamnan da kansa ya gana da 'yan bindiga a yankunan Sabuwa da Faskari. Zuwa tsakiyar 2020 ya bayyana cewa an ci amanar yarjejeniyar. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan uku. A 2025 wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Faskari, suka sake zaman sulhu a matakin al'umma. A duk irin wannan zama ana tayar da maganar burtali da mashaya da gonakin da aka ce an cinye. Wanda bai san yadda aka shata su tun farko ba, ba shi da ma'aunin da zai bambance ƙorafi na gaskiya da hujjar da aka ƙirƙira domin kare ta'asa.

Sanin tarihi ba ya wanke wanda ya kashe rai ko ya sace mutum, kuma ba ya maye gurbin jami'an tsaro da kotu. Amfaninsa shi ne ya hana a riƙa ɗaura yarjejeniya a kan jita-jita.

Hujjojin masu ja

Hujja ta farko ita ce ta abinci. Iyaye da yawa, da su kansu ɗalibai, suna ganin karatun Hausa ko tarihi a matsayin inda ake tura wanda bai samu kwas ɗin da ya nema ba. A ƙasar da masu digiri ke yawo da takardu, ba a ga laifin mai wannan tunani ba. Amma ƙaramin fanni an yi shi ne daidai domin wannan damuwa, tunda ba ya taɓa babban digiri. Lauyan da ya iya karanta ajami zai iya karanta tsohuwar takardar gado ko ta cinikin gona. Jami'in gona da ya san tarihin burtalin gundumarsa, da ma'aikacin agaji da ke jin Fulfulde, da ɗan jaridar da ya san bambancin Pauwa da Ƙanƙara, duk sun fi takwarorinsu amfani a wurin aiki.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: tsoron kada karatun al'ada ya zama makarantar ƙabilanci, musamman yanzu da shafukan sada zumunta suka cika da masu raba Hausawa da Fulani gida biyu, kowa da tarihin da ya ƙera wa kansa. A nan ma nazarin Keltawa yana da abin nunawa. Masanan fannin ne da kansu suka fito da cewa mutanen da suka zauna a tsibiran Birtaniya a zamanin da ba a san sun kira kansu Keltawa ba, kuma sunan ya bazu ne bayan aikin Edward Lhuyd na 1707 a kan dangantakar harsunan. Masanin kufai Simon James ya yi littafi a kan haka a 1999, ya sha suka daga masu kishin ƙasa, amma ana karanta shi a ajin. Haka a nan gida, Abdullahi Smith ya tuhumi ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin kafuwar daulolin Hausa, Bala Usman kuma ya nuna cewa fassara jihadi a matsayin yaƙin Fulani da Hausawa kawai ba ta tsaya a kan hujjojin da ke ƙasa ba, domin akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare, kamar yadda labarin 'Yandoto ya nuna. Karatu mai tsari yana koya wa ɗalibi ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema. Tarihin da ake yaɗawa a waya ba ya son waɗannan tambayoyi. Domin haka dole fannin ya ƙunshi kowa da ke yankin: Hausawa da Fulani da Maguzawa da zuriyar bayin rinji da baƙin da auduga ta kawo.

Hujja ta uku ita ce hatsari. Ɗaukar maganar mutane a wurin da ake zargin juna da zama 'yan leƙen asirin 'yan bindiga ba wasa ba ne. Wata jami'a a birnin Boston ta Amurka ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan rikicin Ailan ta Arewa daga 2001 zuwa 2006, bisa alƙawarin ba za a saki kowace hira ba sai mai ita ya mutu. A 2011 'yan sanda suka nemi kaset ɗin ta hanyar kotu, suka samu wasu, har aka kama jagoran siyasa Gerry Adams a 2014 kafin a sake shi ba tare da tuhuma ba. Darasin shi ne kada a tura ɗalibi daji, kada a tambayi wa ya yi wa wa me a rikicin da ake ciki, kuma kada a yi alƙawarin sirrin da ba za a iya cikawa ba. Akwai aiki mai yawa da ba ya buƙatar wannan: dattawan da rikici ya raba da ƙauyukansu suna zaune a Funtuwa da Malumfashi da Katsina da cikin garin Ƙanƙara, kuma abin da suka sani game da 1950 da 1970 ba ya jefa kowa cikin hatsari.

Ina ƙofar take?

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS. A ƙarƙashinsa hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta da buƙatun jama'arta. Digirin shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, ke nan yunit 36 na hannun jami'a. Kwas shida masu yunit uku-uku yunit 18 ne, rabin wannan fili.

Ana iya tsara su kamar haka: tarihin ƙasar Katsina kafin 1903, shekarar da Turawa suka shigo, mulkin mallaka da dokokin ƙasa da daji, karatun ajami da tsofaffin takardu, Fulfulde ko Hausa ga wanda ba ya jin ɗayansu, adabin baka da sana'o'in gargajiya, sai aikin fili, inda kowane ɗalibi zai yi hira da dattijo ko dattijuwa da izininsu, ya rubuta, a adana a ɗakin karatun jami'a da hukumar tarihi ta jiha. Malaman da za su koyar suna nan a sassan tarihi da harsuna da nazarin ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne sassa su yarda su buɗe wa juna ƙofa, majalisar malaman jami'a ta amince, a daidaita jadawali, a kuma rubuta fannin a takardar sakamako domin ya zama yana da daraja a idon mai ɗaukar aiki.

Wannan buƙata ce da ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa za su iya rubutawa su kai wa shugabannin tsangayoyi da majalisar dokokin jiha, wadda ke amincewa da kasafin kuɗin jami'ar jiha. Kafin a kai ga haka, ɗalibin da ke shekarar ƙarshe yana da zaɓin batun kundinsa. Mai karatun lauya zai iya bin shari'o'in gona na wata gunduma, mai karatun gona ya bi tarihin wani burtali, mai aikin jarida ya tattara labarin wata kasuwa da ta daina ci.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Wanda yake da shekara 15 lokacin da aka yi dokar wuraren kiwo ta 1965 ya kai 75 a 2025. Da yawa daga cikin sa'o'insa sun bar garuruwan da aka haife su, wasu sun bar akwatunan takardunsu a ɗakunan da aka ƙona. Ailan ta tura 'ya'yanta su tambayi kakanni shekara 85 bayan yunwa, lokacin da kusan duk waɗanda suka gan ta da ido sun riga sun tafi, sai abin da aka ji daga bakinsu. A kudancin Katsina, shaidun suna raye tukuna.